Amsoshin Tambayoyinku: Kati Huɗu Sun Samu, Ana Jiran na Biyar

TAMBAYA: Ni ɗalibin lissafi ne a Zariya. Ni da abokaina, in karatu ya gajiyar da mu, mukan buga wasan kartar nan na Amurka da ake kira foka a wayoyinmu, samfurin Texas Hold'em. Ba kuɗi muke sawa ba, makin cikin manhaja ne kawai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na karanta cewa in mutum yana da kati huɗu masu alama ɗaya bayan an buɗe ukun farko, damarsa ta cika fulash kashi 35 ce cikin 100. Saboda haka duk sanda na samu irin wannan hannu, ko nawa aka zuba sai na bi. Amma makina kullum ƙasa yake yi. Abin haushin ma, ranar da ni ne mai kati mai kyau, sai wani ya yi ta bina har katin ƙarshe ya faɗo masa ya kwashe komai. Shin lissafin ne ƙarya, ko manhajar ce ke maguɗi? Kuma yaya ya kamata in zuba in ni ke jira, yaya kuma in wani ne ke jira a kaina? Allah ya ƙara basira.

AMSA: Lissafin da ka karanta ba ƙarya ba ne, kuma ba sai manhaja ta yi maguɗi ba kafin makinka ya zube. Mai bin kowane zubi saboda 35 ɗin nan, ko mahaifinsa ne ke raba katin, ƙasa zai yi. Adadin daidai yake, inda kake aiki da shi ne ba wurinsa ba.

Bari in ɗan shimfiɗa wa sauran masu karatu tabarma kafin mu yi nisa. Kwalin karta kati 52 ne, alamomi huɗu: zuciya, daimon, mashi da ganye, kowace alama kati 13. A wannan wasa kowa ana ba shi biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke da haƙƙi a kansu. Ba a lokaci ɗaya ake buɗe su ba: uku tare, sai na huɗu, sai na biyar, kuma a kowane mataki ana zubi. In zagaye ya zo kanka, ko ka zuba, ko ka wuce in ba wanda ya zuba, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka ajiye katinka ka fita. Abin da aka tara a tsakiya, mu kira shi tari, na wanda ya fi hannu ne a ƙarshe, ko na wanda kowa ya gudu ya bar masa. Fulash kuwa shi ne kati biyar masu alama ɗaya. Yana kayar da tagwaye (biyu iri ɗaya), da uku iri ɗaya, da jere (kati biyar masu bin juna a lamba), amma cikakken gida (uku iri ɗaya haɗe da tagwaye) ya fi shi, haka ma huɗu iri ɗaya.

To, a ce kana riƙe da zuciya biyu, an buɗe uku a tebur, biyu daga ciki zuciya ne. Kati biyar ke nan idonka ya gani, saura 47. Zuciya 13 ce a kwali, huɗu suna gabanka, saura 9. Wani zai ce ai wasu daga cikin taran suna hannun abokan wasa. Haka ne, amma tunda ba ka san waɗanne ba, duk katin da ba ka gani ba matsayinsa ɗaya a lissafi, ko yana hannun mutum ko yana ƙasan kwali. Damar kati na huɗu ya zo zuciya 9 ce cikin 47, wato kashi 19 da 'yar ɗoriya. In ya ƙi, damar na biyar 9 ce cikin 46, kashi 19.6. Damar su ƙi duka biyun kuwa, ninka 38/47 da 37/46, za ka samu kashi 65. Abin da ya rage shi ne 35 ɗin da ka riƙe.

Ka ga inda gizo ke saƙa? Kashi 35 na mutumin da zai ga kati biyu ne. Kai kuwa in aka zuba bayan ukun farko ka bi, kati ɗaya kawai ka saya. In bai zo zuciya ba, abokin karawarka ba zai naɗe hannu ba, zai sake zubawa, kuma galibi abin da ya fi na farko nauyi, tunda tarin ya kumbura. Ka biya kuɗin kati ɗaya kana lissafi da ribar biyu. Wuri ɗaya ne 35 ke aiki kai tsaye: inda ɗayanku ya riga ya zuba duk abin da ke gabansa, ba sauran zubi, za a buɗe na huɗu da na biyar ba tare da an sake tambayarka ko maki ɗaya ba. Ban da nan, adadin da za ka riƙe shi ne ɗaya cikin biyar.

Akwai 'yar dabarar ƙiyasi da ɗan wasan Amurka Phil Gordon ya yaɗa a littafinsa Little Green Book na 2005. Ka ƙirga katunan da za su cece ka, ka ninka da 2 in kati ɗaya za ka gani, da 4 in biyu ne. Tara sau biyu 18, tara sau huɗu 36. Ba daidai cif ba ne, amma ya isa a yi aiki da shi. Matsalar ita ce mutane sun haddace ninki huɗun saboda ya fi daɗin ji, sun manta da na biyun, alhali shi aka fi bukata.

Yanzu sai farashi, wanda shi ne ainihin maganar. Buhun gero ɗaya ne, amma wanda ya saya da kaka da wanda ya saya tsakiyar damina ba ciniki ɗaya suka yi ba. Haka jiran fulash yake: hannun bai canza ba, abin da aka nemi ka biya ne ke sa bi ya zama riba ko asara. Hanyar aunawa mai sauƙi ce. Ka raba abin da za ka biya da jimillar tarin bayan ka biya. A ce akwai maki 100 a tsakiya, aka zuba 50. In ka bi, tarin ya zama 200, naka 50 ne a ciki, wato kashi 25. Sai damarka ta kai kashi 25 kafin ka mayar da uwar kuɗi, kai kuwa 19 gare ka. In aka zuba 100 cur, 100 cikin 300 ke nan, kashi 33. In aka zuba 33, kana bukatar kashi 20, ka ga nan an zo gab da gab. In 25 aka zuba, kashi 17 bai cika ba, wannan kam araha ce, ka bi ba tare da dogon tunani ba.

Da a nan lissafin ya tsaya, da sai in ce ka ajiye katinka duk sanda zubin ya wuce sulusin tari. Amma akwai abin da ke bayan fage, wato makin da za ka iya ƙara karɓa daga hannun abokin karawarka in zuciyar ta faɗo. Mu koma misalinmu, an buɗe na huɗu, tari 100, ya zuba 50. Katunan da ba za su taimake ka ba 37 ne, masu taimako 9, kusan huɗu da ɗigo ɗaya ga ɗaya. Don bin ya biya kansa, ranar da ka dace sai ka ci wajen 206. A tsakiya akwai 150. Saura 56 da dole ka tatsa daga gare shi bayan katin ƙarshe. Tarin a lokacin 200 ne, mutane da yawa za su biya 56 don kawai su ga abin da ke hannunka. Wannan bin yana da hujja. Amma in 100 ya zuba, kana bukatar 411, a tsakiya 200 ne, giɓin 211 ke nan. Wa zai ba ka wannan, bayan zuciya ta uku tana kwance a tebur kowa yana kallonta?

A nan ne nake ganin masu koyo suka fi yaudarar kansu. Fulash ba ya ɓuya. Jere yakan shigo a sace, mutum bai ankara ba sai ya ji a jikinsa, amma alama ta uku in ta faɗo, ko wanda ya fara wasa jiya ya san abin da take nufi. Saboda haka kafin ka ce “zan rama a ƙarshe”, duba abu biyu da ido. Na ɗaya, maki nawa ya rage a gabansa? In saura 30, to 30 ɗin ne iyakar abin da za ka samu, ko da fulash ɗinka na zinariya ne. Na biyu, wane irin mutum ne? Akwai wanda in ya riƙe tagwayen A, kati mafi girma, sai dai a binne shi da su, ba ya ajiyewa. Irin wannan ana binsa da tsada kaɗan. Akwai kuma mai ɗar-ɗar, wanda ko inuwar fulash ya gani ya tsere. Wannan ba abin da za ka samu a wurinsa in ka dace, amma kamar yadda za mu gani, shi ne ake yi wa burga.

Sannan ba duk jira ba ne ɗaya. Mai A da 10 na zuciya da mai 6 da 5 na zuciya, dukansu kati tara suke jira, amma na farko in ya cika ya san ba fulash ɗin da ya fi nasa, na biyu kuwa yana iya cikawa ya faɗa rami. Gaskiya ne ba kasafai fulash biyu ke haɗuwa ba. In ka ɗauki hannun mutum ɗaya da ka, damar ya zama shi ma zuciya biyu yake riƙe da su ba ta kai kashi 3 ba. Sai dai ba da hannun da aka ɗauka da ka kake karawa ba, da hannun da ya yarda ya tura duk makinsa tsakiya bayan ya ga zuciya uku kake karawa, kuma a cikin irin waɗannan hannuwa manyan fulash suna da yawa. Ƙaramin fulash yakan ci ƙaramin tari, ya faɗi a babba. Haka kuma in tebur ya yi tagwaye, misali 8 biyu suna kwance, ka rage ɗoki, don ƙofar cikakken gida ta buɗe. In ma abokin karawarka ya riga ya haɗa uku iri ɗaya tun a buɗin farko, 35 ɗinka ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin huɗu, saboda wasu lokutan za ka cika shi ma ya cika abin da ya fi naka.

Ta ɗaya gefen kuma, jira yakan zo da rakiya. In bayan zuciya huɗu kana da kati huɗu a jere masu buɗaɗɗen baki biyu, kamar 6, 7, 8, 9, katunan cetonka sun zama 15, damarka a kati biyu ta kai kashi 54. Ka fi mai tagwaye ƙarfi ke nan, duk da cewa a wannan lokacin ba ka da komai a hannu. In jeren mai giɓi ɗaya ne a tsakiya, 12 ne, kashi 45. Irin waɗannan hannuwa ba a zama da su ana bi, zubawa ake yi.

Wannan ya kawo mu ga abin da wasiƙarka ba ta ambata ba sam. Ka ce kana bi, ba ka ce kana zubawa ba. Mai bi hanya ɗaya gare shi ta ci, sai katinsa ya zo. Mai zubawa hanya biyu gare shi: ko a gudu a bar masa tarin nan take, ko a bi shi katinsa ya zo. David Sklansky, a littafinsa The Theory of Poker, ya yi dogon bayani a kan wannan salo, wanda zan kira burga mai madogara. Ga yadda take a lissafi. An buɗe na huɗu, tari 100, ka zuba 70. Da ba ka da komai sam, sai abokin karawarka ya gudu sau 41 cikin 100 kafin ka tsira da uwar kuɗi. Amma da jiran fulash a hannu, ko ya bi ka, sau ɗaya cikin biyar za ka ci 170, sau huɗu ka rasa 70, asararka a matsakaici 22 ce kawai. Ko sau 18 cikin 100 ya gudu, ba ka faɗi ba. In kuma za a kwatanta da wucewa ka ga katin ƙarshe kyauta, to sai ya gudu kusan sau ɗaya cikin uku kafin zubin ya fi. Mutane da yawa suna gudu fiye da haka.

Sharaɗin dai shi ne a samu mai gudu. A teburin makin wasa irin naku, inda ba wanda ke jin zafin asara, sau da yawa mutum biyar ne za su bi ka har ƙarshe da kowane tarkace. A nan burga ba ta da kasuwa. Amma yawansu yana gyara maka farashi: in tari 100 ne, aka zuba 50, mutum uku suka bi kafin a zo kanka, 50 za ka biya cikin 350, kashi 14 kawai. Ka bi, musamman in babban kati kake riƙe da shi. Wurin zama ma yana da tasiri. Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi, yana iya karɓar kati kyauta in an wuce, yana kuma iya auna zubinsa in ya dace. Wanda ke magana da farko a duhu yake tafiya, jiransa bai kai na wancan daraja ba.

Akwai wani hannu da ya shahara wanda ya tattara duk wannan. A gasar duniya ta foka ta 2003 a Las Vegas, gasar da aka fara tun 1970 a gidan Binion's Horseshoe, mutum 839 suka shiga, aka yi ta tacewa har saura biyu: Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ya samu kujerarsa ta wasan intanet, da Sam Farha, tsohon hannu haifaffen Lebanon. Moneymaker yana da K na mashi da 7 na zuciya. Farha yana da Q na mashi da 9 na zuciya. Aka buɗe 9 na mashi, 2 na daimon, 6 na mashi. Farha ya samu tagwayen 9, mafi girma a tebur, amma ya wuce, Moneymaker ma ya wuce. Na huɗu ya zo 8 na mashi. Farha ya zuba 300,000, Moneymaker ya ɗaga zuwa 800,000, Farha ya bi.

Mu tsaya mu ƙirga. Moneymaker ba shi da ko tagwaye, amma duba abin da ke bayansa. Mashi takwas da suka rage za su ba shi fulash. Kowane 5 ko 10 zai ba shi jere, shida ke nan in an cire na mashi da aka riga aka ƙirga. K uku za su ba shi tagwayen da suka fi 9. Kati 17 cikin 44, kusan kashi 39, ga kuma yiwuwar Farha ya gudu. Ka lura da halin da Farha ke ciki kuma: shi ma jiran mashi yake da Q ɗinsa, amma da mashin ya faɗo, da ya cika fulash ya tarar da K a gabansa. Katin da yake fata shi ne wanda zai kashe shi.

Na biyar ya zo 3 na zuciya, bai taimaki kowa ba. Farha ya wuce, Moneymaker ya tura duk abin da ke gabansa. Farha ya daɗe yana saƙa da warwara, daga ƙarshe ya ajiye hannun da ya fi. Jim kaɗan bayan nan Moneymaker ya lashe gasar da dala miliyan 2.5. Mutane sun fi tuna turin ƙarshen, amma a ganina ɗagawar da ya yi a kati na huɗu ita ce aikin hankali. Na ƙarshen ya yi aiki ne don labarin da ya faro ya tafi daidai: mashi uku a tebur, jere yana yiwuwa, ga mutum ya ɗaga tun ɗazu. Kada ka mayar da shi al'ada. Galibi in jiranka ya ƙi, haƙuri ya fi. Akwai ma wani dalili da ba kowa ke lura da shi ba. In kai ne ke riƙe da zuciya biyu, ka rage yiwuwar abokin karawarka ma jiran zuciya yake yi ya sha ƙasa, wato ka rage yawan hannuwan da za su gudu, ka bar masu tsayawa.

Wucewar da Farha ya yi a buɗin farko ita ce ƙofar rabi na biyu na tambayarka. Yana da hannu mafi kyau, mashi biyu a tebur, ya ba da kati kyauta. In kai ne mai kaya, kai ke yanka farashi, kuma kyauta ita ce farashi mafi muni. Ga hujja. An buɗe na huɗu, tari 100, kana da manyan tagwaye, shi yana jiran zuciya. In ka wuce ya wuce, za ka ci sau 80 cikin 100, rabonka 80. In ka zuba 75 ya gudu, ka samu 100. In ka zuba 75 ya bi, tarin ya zama 250, kashi 80 na wannan 200 ne, cire 75 ɗinka, saura 125. Duba da kyau: bin da ya yi shi ne ya fi maka riba. Mutumin da kake jin haushinsa don yana binka, shi ne ke ciyar da kai. Sau ɗaya cikin biyar zai dace, wannan ɗayan ne kake kwana da shi a rai, huɗun da ya biya ka ya tafi ka manta da su.

Saboda haka manufar zubi ba korarsa ba ce, sa shi ya biya fiye da ƙima ne. Sulusin tari shi ne iyakar da lissafinsa ke daidaita, don haka ka haura nan. Tsakanin rabin tari da kashi uku cikin huɗu shi ne inda aka fi samun biyan bukata: ya yi masa tsada, amma bai kai tsadar da za ta farkar da shi ba. In ka san mutum ne da ba ya ajiye jira ko nawa ne, to cika masa tari guda, kada ka ji kunya. Abin da ba na so shi ne zubin tsoro, mutum ya ga zuciya biyu a tebur ya tura ninki uku na tari don kada a cim masa. Wa zai bi wannan? Sai wanda ya riga ya fi ka. Kuma tsoron ma ya wuce kima. In zuciya biyu suna tebur ba ka riƙe ko ɗaya, damar hannun da aka ɗauka da ka ya zama zuciya biyu kusan kashi 5 ce. Ta fi haka a zahiri, don mutane suna son shiga wasa da kati masu alama ɗaya, amma duk da haka mafi yawan lokuta abin da ke hannunsa ƙananan tagwaye ne ko wani abu daban. Zubinka daga waɗannan ma yake karɓa.

Ribar nan ta 125 tana da sharaɗi ɗaya, kada ka mayar masa da ita a ƙarshe. A ce duk sanda zuciyar ta faɗo yakan zuba 150 kai kuma ka bi don haushi. Sau 20 cikin 100 kana ba da 150, wato 30 a matsakaici. Ribarka ta sauko 95, ƙasa da abin da za ka samu da ya gudu tun farko. Da hannunka ka mayar da kuskurensa daidai. Ba kuma ina cewa ka riƙa gudu duk sanda alama ta uku ta bayyana ba, in aka gane ka da haka kowa zai riƙa yi maka fashi da ita. Ka auna da ma'aunin ɗazu: in rabin tari ya zuba, ya isa ka zama mai gaskiya sau ɗaya cikin huɗu. Mai yawan burga, bi shi. Mutumin da tun da aka zauna bai ɗaga murya ba, yau kwatsam ya tura komai, ba shi abinsa. In kuma A na zuciya yana hannunka, ka san aƙalla babban fulash ba ya wurinsa, kuma shi bai san haka ba.

Batun maguɗi kuwa, kai ɗalibin lissafi ne, gwada da kanka. Damar jira ya ƙi sau biyar a jere ita ce 0.65 sau kanta biyar, kusan kashi 12, abin da zai faru da kowa a kai a kai. Samu littafi ka rubuta jira 100 da ka gani har katin ƙarshe. In waɗanda suka cika sun faɗa tsakanin 25 da 45, ba abin zargi. Ka kuma duba tun daga tushe: kati biyu masu alama ɗaya suna zama jiran fulash a buɗin farko kusan sau 11 cikin 100 ne kawai, cikarsu fulash har ƙarshe ba ta kai sau 7 ba. In kana shiga wasa da 9 da 3 don kawai alamarsu ɗaya, ɓarnar tun daga nan ta fara.

Saura magana ɗaya, kuma ta fi duk na sama nauyi. Na amsa maka ne don ka ce maki kuke bugawa, kuma lissafin yiwuwa ilimi ne mai amfani a wurare da yawa. Da zarar kuɗi ya shiga, sunan abin caca, kuma hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, an ambace ta tare da giya. Karta ba kuɗi kuwa malamai sun yi saɓani a kanta, wannan sai ka zauna da malamin fiƙihu. Ko ta fuskar lissafi ma, duk misalan da na kawo na teburin da ba a taɓa tarin ba ne. A gidajen caca da shafukansu, mai gida yana yankar rabonsa daga kusan kowane tari, a wurare da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin 100 har zuwa wata iyaka. In ka haɗa ribar 'yan wasa duka da asararsu, abin da zai fito ƙasa da sifili ne, kuma giɓin yana aljihun mai gida. Manhajojin kyauta da yawa kuma da sayar da maki suke rayuwa. Ranar da taka ta ce makinka ya ƙare, ka sa lambar katin banki ka sayi wani, kada ka saya, ɗan'uwa. Goge ta daga wayar.